KOYON GYARAN BABUR A RANAR HUTU

Duk wanda ya mallaki babur a wannan zamani ya san cewa sayensa ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Tun daga ran 29 ga watan Mayu na 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mai da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Saboda haka akwai ma'aikata da 'yan kasuwa, daga Agege ta Ikko har Sabo ta Ibadan, waɗanda suka mai da koyon gyaran baburansu abin sha'awa a ranakun Asabar da Lahadi, ba don su ƙwace wa bakanike sana'arsa ba, sai don su san abin da suke hawa.

Babur ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, da yawa daga cikinsu Honda da Suzuki da Vespa suka saya. A 1979 kamfanin Honda ya kafa reshensa na Nijeriya, wanda masana'antarsa ke Ota ta Jihar Ogun. Daga baya Jincheng na ƙasar Sin da Bajaj Boxer na Indiya suka cika tituna, garin Nnewi kuma ya zama cibiyar cinikin kayan gyara. Ko da Gwamnatin Kano ta hana acaɓa a 2013, ta Ikko kuma ta hana a wasu ƙananan hukumomi a 2022, babur bai daina zama jakin talaka ba.

Abin da ya sa koyon ke da sauƙi shi ne, ƙananan baburan nan an ƙera su ne ba tare da wata sarƙaƙiya ba. Misali, Honda CG125 da ta fito a 1975, an yi ta musamman domin ƙasashen da masu babur ba su cika kai shi gareji kan lokaci ba. Mai koyo ba ya bukatar kaya masu yawa: sifana 'yan ƙwarori, da sifanar fulogi, da filaya, da sukundireba, da tsumma, sai kuma littafin da ya zo da babur ɗin, wanda yawancin mutane kan jefar tun ranar farko.

Darasi na fari shi ne, inji ba ya tashi sai abu uku sun haɗu, watau mai, da iska, da wuta. In babur ya ƙi tashi, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya maimakon a yi ta dukan kik har gumi ya karyo. Fulogi shi ne mai ba da labarin cikin inji. In an kwance shi aka ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi da toka, mai ya yi wa iska yawa, sau da yawa kuma matatar iska ce ƙura ta toshe, musamman a lokacin hunturu. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji na ɗaukar zafi. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, ana zaton ringi ya ci, wannan kuma aikin gwani ne.

Na biyu shi ne baƙin mai. Tsofaffin babura da yawa sukan ƙone shi tare da fetur, amma yawancin na yanzu wurinsa daban ne, kuma shi ne ran inji. Ana juye shi ne inji na da ɗumi, domin ya fito da dauɗar da ta kwanta. Kada a zubar da tsohon a kwata, gama yana ɓata ruwa da ƙasa.

Na uku sarƙa da birki da taya. Sarƙar da ta yi sako-sako takan zame a kan gudu ta cije ƙafar baya, wadda aka ɗaure tamau kuma takan cinye haƙoranta. A yawancin ƙananan babura, wasan da ake bar mata a tsakiya bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Mazauna Ikko da Fatakwal, inda ruwan sama da iskar teku ke kawo tsatsa, su ne suka fi bukatar shafa mata mai a kai a kai.

Amma fa sha'awar tana da iyaka. Kada a tayar da babur cikin ɗaki a rufe, domin a cikin hayaƙin salansa akwai guba marar wari mai kisa. Kada a taɓa fetur kusa da taba ko murhu. Wanda ya gyara birki lalle ya gwada shi a hankali a ƙofar gida kafin ya ɗauki iyalinsa. Buɗe cikin inji kuwa, sai a gaban wanda ya iya.

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Hanya mafi kyau ita ce mutum ya zauna kusa da bakanikensa ranar da ya kai gyara, ya gaishe shi da girmamawa, ya yi tambaya, ya kuma biya shi haƙƙinsa cikakke. Wanda ya yi haka zai rage kashe kuɗi, zai gane kayan jabu daga na ƙwarai, kuma in babur ya mutu masa a daji da dare, ba zai tsaya riƙe da ƙugu yana jiran mai wucewa ba.