Kukan taya: abin da ya kamata direba da mai kaya su sani kafin a sauya ta

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin da aka yi a filinmu na direbobi da fatake, mun rubuta shi don wanda bai samu saurare ba, ko wanda yake son ya ajiye ya karanta wa abokan tafiyarsa. Maganar ta taso ne daga tambayar da ta yi ta maimaituwa daga Aboabo, Asawase da Sabon Zango, har da Bawku da Paga: mota tana gurnani a kan kwalta, kai yana ciwo, ba a jin maganar na kusa, shin sabuwar taya ce maganin?

Amsar a gajarce ita ce, wani lokaci e, wani lokaci a'a. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To haka kukan taya yake. Kafin ka zaro kuɗi, sai ka san me take faɗa maka.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Ko sabuwar taya fil tana da ƙara. Zanen da ke jikinta gutsi-gutsi ne na roba, kowane guntu yana bugun kwalta idan ya zo ƙasa, iskar da ke cikin ramukan zanen kuma tana matsewa ta fita da ƙarfi. Wannan yana faruwa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ne gurnanin da kunne ke ji. A ƙaramar mota, da zarar gudu ya kai kilomita 40 zuwa 50 a awa, ƙarar taya ta fara danne ta inji. Shi ya sa ba ka jin komai a cunkoson Kejetia, amma kana wuce Offinso ka miƙe hanyar Techiman sai motar ta soma waƙa.

In ka duba taya mai kyau da natsuwa, za ka ga gutsattsarin zanen ba girmansu ɗaya ba. Da gangan masu ƙerawa suke yin haka, don kada ƙarar ta haɗu ta zama murya ɗaya mai huda kunne. Taya mai manyan haƙora, irin wadda ake sa wa motar shiga ruga ko gona don laka, dole ta fi kuka a kan kwalta. Wannan halittarta ce, ba ciwo ba ne. Wanda rabin tafiyarsa a daji take, sai ya haƙura da ƙarar. Wanda kullum yana kan kwalta daga Kumasi zuwa Tamale, ba shi da dalilin ɗaura wa kansa ita.

Kuka iri huɗu

Na farko, gurnanin da yake sauya murya idan hanya ta sauya. A kan sabuwar kwalta mai santsi ya ragu, a kan tsohuwa mai kaushi ya ƙaru. Wannan daga taya ne. Ka tsaya, ka shafa tafin hannunka a kan zanen, gaba da baya. In ka ji kamar haƙoran zarto, santsi ta wannan gefen, kaifi ta wancan, to saitin ƙafa ya goce, abin da makanikai ke kira alaimen. In kuwa ka ji tudu da kwari, tudu da kwari, kamar an kwarfe robar da cokali, to shok ya mutu, tayar tana tsalle a kan hanya maimakon ta kwanta.

Na biyu, gurnanin da ba ruwansa da irin kwaltar, yana ƙaruwa da gudu, kuma yana sauyawa idan ka karkata sitiyari. Wannan galibi boris ne. Ga yadda ake ganewa: a hanyar da babu kowa, a hankali, ka ɗan karkata hagu, nauyi zai koma ƙafar dama. In ƙarar ta ƙaru, ka zargi boris ɗin dama. Ka karkata dama, in ta ƙaru, na hagu ne. A sa jak a ɗaga ƙafar, a juya ta da hannu a saurara, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. Mutane da yawa sun sayi taya huɗu alhali boris guda ne ke kuka. Kuɗi sun tafi, ƙara tana nan.

Na uku, rawar sitiyari a wani gudu na musamman, misali tsakanin kilomita 80 da 100, in ka rage ko ka ƙara sai ta lafa. Wannan yawanci balansin ne, wato 'yan ƙarafan da ake maƙala wa wili sun faɗi, ko wilin ya lanƙwashe a rami. Gyaransa ba shi da tsada.

Na huɗu shi ne wanda ba a wasa da shi: bugu, dum, dum, dum, yana bin juyin taya, ko a ƙaramin gudu kana ji motar tana ɗingishi. Wannan alama ce wayar cikin taya ta rabu da roba, ko gefenta ya yi ƙulu. Malam direba, in ka ji wannan, ka sauka gefen hanya ka sa safaya. Kada ka ce bari mu kai Kintampo. Irin wannan tayar ce ke fashewa ba sallama.

A gyara ciwon kafin a sayi taya

Wannan ita ce maganar da muka fi so ta zauna. In shok ne ya cinye tsohuwar taya, zai cinye sabuwar ma, cikin 'yan watanni kukan ya dawo. Don haka tsarin shi ne: a duba shok, boris da ƙarafan ƙafa, a sa taya, a yi balansin, sannan a yi saiti. Mutanen Kumasi ba su da uzuri a nan, tunda ga Suame Magazine a bakin hanyar arewa, unguwa guda ta makanikai da masu kayan gyara, inda ake zuwa har daga Burkina Faso da Mali. Sai dai ka nemi fita wanda zai hau motar ya ji kukan da kunnensa, ba wanda zai yanke hukunci daga inda yake zaune ba.

Tayar da ta riga ta yi tudu da kwari ba ta warkewa sarai. In cin bai yi nisa ba, mayar da ita baya yakan rage ƙarar. Juya tayoyi, na gaba su koma baya, bayan kowane kilomita 8,000 zuwa 10,000, yana hana abin faruwa tun farko. Wasu tayoyin suna da kibiya a gefe mai nuna inda za su juya. In mai faci ya ɗaura ta a juye, za ta yi kuka, kuma ba za ta kori ruwa da kyau ba lokacin damina.

In sauyawar ta zama dole

Yawancinmu tayar gwanjo muke saye, wadda a Ghana ake ce wa hom-yus, a Najeriya kuma Beljiyam ko tokumbo. Dalilin a fili yake. Masana'antar taya ta Bonsa da ke kusa da Tarkwa ta daɗe a rufe. A Najeriya Michelin ya rufe tasa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008. Kusan duk tayar da ke ƙafar motocinmu ta jirgin ruwa ta zo, sabuwa da tsohuwa, kuma sabuwar ta yi wa aljihu nauyi. To tunda haka ne, sai a koyi karanta rubutun da ke gefen taya, domin ita ba ta ɓoye shekarunta.

Ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. In wajen a kankare yake ko an goge, ka ajiye ta ka wuce. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, ta ce kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka ƙera ta, kuma zurfin zanenta kada ya gaza milimita 1.6. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ma shekara huɗu take faɗa. Roba tana bushewa da tsufa ko ba a taka ta ba, ta yi tauri, ta ƙara kuka, ta rage kama hanya. Ka duba gefenta da cikin ramukan zane, in akwai ƙananan tsagu kamar faso, ta tsufa.

Milimita 1.6 bai kai kaurin tsinken ashana ba. Ba sai ka auna ba ma: a cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu da aka yi don wannan, in zanen ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki.

A tayoyin ƙananan motoci akwai kalmar TEMPERATURE, a gabanta harafin A, B ko C. Wannan yana nuna juriyar zafi. A ta fi, B tana biye, C kuwa dokar Ghana ba ta yarda da ita ba. Haka nan in ka ga hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a ciki, tayar hunturun Turai ce. Robarta taushi gare ta, zanenta cike yake da ƙananan yanka. A ido tana da kyau, shi ya sa take ruɗin mai saye. Amma a zafin Maris da Afrilu tsakanin Walewale da Bolga, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa, irin wannan tana cinyewa kamar sabulu.

A yi hattara da tayar da aka yi wa sabon zane da wuƙa mai zafi. Wasu tayoyin manyan motoci an yi su da kaurin da zai ɗauki wannan, kuma an rubuta hakan a jikinsu. Ta ƙaramar mota kuwa in aka yanke ta, saura ƙiris a taɓa waya. Alamarta ita ce zane mai zurfi amma ba daidai ba, a jikin roba mai kama da tsohuwa. Araha ba ta ado.

Mai halin sayen sabuwa zai iya ganin takarda manne a jikinta. Tun 2012 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta wannan takardar, kuma tana nuna ƙarar taya da ma'aunin desibel, yawanci kusa da 70. In girma da ƙarfi ɗaya ne, ka ɗauki mai ƙaramar lamba. Amma kada neman shiru ya sa ka ɗauki tayar da ba ta kai nauyin kayanka ba. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, su ne nauyi da gudun da take iya ɗauka. Kada a sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta.

In kuɗi ba su kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a layi ɗaya. A ƙaramar mota masu kyaun su tafi baya, don in baya ya zame a kan ruwa ba direban da ke iya riƙe shi. A babbar mota, ƙafar gaba ita ce rai: kada a sa mata tayar da aka yi wa sabuwar riga ko mai babban faci. Tagwayen baya kuma su zama tsayi ɗaya, in ba haka ba doguwar ce za ta ɗauki kayan ita kaɗai har ta yi zafi.

Iska da lodi

A auna iska da safe kafin a tashi, da geji, ba da bugun ƙarfe ko ƙafa ba. Adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Ƙarancin iska yana sa gefen taya ya yi ta lanƙwasa, ya yi zafi, ya cinye kafaɗu biyu. Yawanta kuma yana cinye tsakiya, yana sa motar ta yi ta buga hanya. In ka auna da rana tsaka ka ga ta hau, kada ka rage. Hawan na zafi ne, in ta huce za ta koma.

Lodin da ya wuce kima shi ne babban abokin gabar taya. Buhun albasa goma da aka ƙara a Galmi, ko shanu biyu da aka cusa a Paga, tayar ce za ta biya kuɗinsu a hanya. Shanu kuma ba buhu ba ne, suna motsi, nauyi yana komawa gefe guda a kan kwana.

Kira ga masu kaya

Alhaji mai shanu, Hajiya mai tumatir, wannan magana ba ta direba kaɗai ba ce. Daga Paga zuwa Kumasi tafiya ce ta kusan kilomita 600. In taya ta fashe a dajin da ke tsakanin Buipe da Kintampo, ba safaya mai kyau, dabbobinka ne za su wuni a tsaye cikin rana ba ruwa, su isa mayankar Kaase a rame, wata ma a yanka ta a hanya a sayar da asara. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Kafin a yi lodi, ka zagaya motar da kanka. Ka duba ƙulu, tsagu, waya a waje, ka ce a nuna maka safaya da jak. Haƙƙinka ne, tunda dukiyarka ce za ta hau.

Shi ma direban a tausaya masa. Masana lafiyar aiki sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum yana zama cikinta awa takwas kullum, tana rage ji. Gurnani mai murya ɗaya kuma yana kawo gajiya da gyangyaɗi a tafiyar dare, yana rufe wasu ƙararrakin da ya kamata kunne ya kama, kamar na birki ko na ƙusar wili da ta kwance. Ƙara wa rediyo murya don a danne kukan ba dabara ba ce, ko da tasharmu ake saurare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai tashi Litinin, ya kai motarsa a duba tun Asabar. Mai tambaya kan wannan batu ya aiko ta hanyar da aka saba, za mu amsa a fili na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.