Motar Fetur Ko Ta Dizal: Wacce Ta Fi Cin Kuɗi?

Yawancin masu shirin sayen mota farashin lita a gidan mai suke dubawa, su yanke hukunci daga nan. Amma abin da ya kamata a auna shi ne nawa motar take ci a kowace kilomita, a haɗa da abin da bakanike zai karɓa a shekara.

Ta fuskar shan mai, injin dizal, wanda direbobi suka fi kira gas, yana gaba. Litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Sannan injinsa ba ya amfani da fulogi. Matse iska yake yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa, kuma wannan matsa ce ke sa ya tatsi man sosai. Shi ya sa motar dizal takan rage shan mai da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari idan aka gwada ta da takwararta ta fetur.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ce motar fetur tana shan lita 10 a kilomita 100, ta dizal kuma lita 7.5. In fetur yana Naira 900, tafiyar ta ci Naira 9,000. Mai dizal zai biya daidai wannan kuɗin ne idan litarsa ta kai Naira 1,200. Wato muddin dizal bai ɗara fetur tsada da kashi ɗaya bisa uku ba, mai dizal ne da riba. In ya zarce haka, ribar ta tafi.

A Najeriya an daɗe wannan lissafi yana fifita fetur, domin a da gwamnati na biyan tallafinsa, dizal kuwa tuni aka bar shi a hannun kasuwa. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, tazarar farashinsu ta ragu, kuma a 2024 matatar Dangote ta fara sayar da duka biyun. Farashi na yawan sauyawa, don haka kowa ya yi lissafinsa da na ranar da yake ciki.

Wajen gyara ne fetur ke ramawa. Motar dizal ta fi tsada tun daga saye, ta fi shan baƙin mai a wurin juye, filtar mai kuma dole a riƙa canza ta a kan kari. Famfo da nozul na injinan zamani suna aiki da matsi mai tsanani, ruwa ko datti kaɗan a cikin mai na iya kashe su, gyaransu kuwa kan haɗiye abin da aka tara na watanni. Motocin dizal 'yan Kwatano da aka ƙera don Turai suna da matatar hayaƙi da ke toshewa in ana gajerun tafiye-tafiye cikin gari ko ana zuba musu mai maras kyau. Kayan Corolla ko Golf na fetur ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kuma makanikai da yawa sun san kansu. Ƙwararren mai gyaran nozul kuwa sai an nema.

Duk da haka, injin dizal da ke samun kulawa yakan fi daɗewa, kuma ya fi ƙarfin jan kaya, dalilin da ya sa akasarin tireloli da tifofi da shi suke aiki.

Saboda haka, wanda sana'arsa doguwar hanya ce da lodi, kamar mai jigila tsakanin Kano da Legas, dizal zai mayar masa da kuɗinsa. Ma'aikacin da iyakarsa ofis, kasuwa da kai yara makaranta, fetur ya fi masa sauƙi. Kafin ka biya kuɗin mota, ka ƙiyasta kilomitar da kake yi a wata, ka kuma tabbatar akwai mai iya gyara ta a garinku.