Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Nazari a Kan Wani Fim na Amurka na 1935

Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda masu shirya fim a Amurka suka mai da kamannin fuska abin dariya, jim kaɗan bayan shigowar fim mai magana a shekarar 1927. Misalin da za a duba shi ne The Whole Town's Talking, wato “Gari Duk Ya Ɗauka”, wanda John Ford ya shirya wa kamfanin Columbia a 1935.

Labarin ya ginu ne a kan wani akawu mai suna Arthur Ferguson Jones, mutum mai kunya da kiyaye lokacin aiki. Sai aka yi rashin sa'a fuskarsa ta zo ɗaya da ta Mannion, ƙasurgumin ɗan fashi da ya tsere daga kurkuku. 'Yan sanda suka cafke akawun a gidan abinci. Da gaskiya ta bayyana, sai hukuma ta ba shi takardar shaida don kada a sake kama shi. Amma jarida ta baza labarin takardar, shi kuwa Mannion ya iske Jones har ɗakinsa, ya tilasta masa su raba ta: akawu ya riƙe da rana, ɗan fashi ya yi yawo da ita da dare.

Abubuwa biyu ne suka ƙarfafa wannan wasa. Na farko, Edward G. Robinson ne ya fito a matsayin mutanen biyu, alhali jama'a sun riga sun san shi da fitowa a ɗan ta'adda tun fim ɗin Little Caesar na 1931. Saboda haka mai kallo ma yakan ga mugu a fuskar salihi, kamar yadda 'yan sandan suka gani. Na biyu shi ne murya. Da yake fuskar ɗaya ce, ana rarrabe su ne ta lafazi: Jones yana magana a sanyaye, Mannion kuwa a tsawace. Wannan dabara ba ta yiwuwa a zamanin fim marar magana.

A ƙarshen labarin, yaran Mannion sun ɗauki Jones a kan maigidansu, suka bi umurninsa, suka harbe maigidan nasu na gaskiya. Wato ruɗanin da ya jefa shi cikin wahala shi ne ya cece shi.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa akwai darasi a ƙarƙashin dariyar, musamman ga ma'aikacin hukuma. Takarda ba ta san mai ita ba. Duk wanda ya riƙe ta, shi take yi wa shaida. Idan ma'aikaci ya dogara ga fuska ko hatimi kaɗai, ba tare da bincike ba, yana iya ɗaure marar laifi, ya kuma buɗe wa mai laifi ƙofa.