Akuyarki Ta Yi Ɓari? Duba Abin Da Take Ci Da Ƙasar Da Take Lasa

Uwargida, a gidajenmu akuya asusu ce. Ita ake sayarwa idan yaro ya kwanta ciwo, da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya. Jar akuya ta Sakkwato watanni 5 take ɗaukar ciki, kuma sau da yawa tagwaye take haifa. Don haka idan ta yi ɓari, ko bunsuru ya yi ta hawanta ba ta ɗauka ba, asarar ba ƙarama ba ce. A Anka da Bukkuyum da Gummi kuwa akwai dalilin da zai sa ki kalli lamarin da idon basira.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan yammacin Zamfara. Bincike ya gano gubar dalma ce. Duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gida a Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega cike suke da dalma, ƙurarsu ta bi tsakar gida da rijiyoyi. Yara kimanin 400 suka rasu. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Masu bincike na hukumar CDC ta Amurka sun ji daga bakin mutanen ƙauyukan cewa agwagi sun riga yaran mutuwa. Dabbobin gida sun ba da alama tun da wuri, amma ba a gane ba.

Ga yadda dalma ke taɓa haihuwa. A ƙasan ƙwaƙwalwar akuya akwai wani ɗan ƙullutu mai sakin sinadaran homon, su ne ke umartar ƙwai ya nuna, su sa ta nemi bunsuru kusan duk kwana 21. Dalma tana dagula wannan saƙo, tana kuma raunana maniyyin bunsuru. Jiki yana ɗaukarta tamkar sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya ajiye ta a ƙashi. Idan ciki ya shiga, jikin uwa ya fara jan abinci daga ƙashinta don gina ɗa, dalmar sai ta biyo, ta ratsa mabiyiya. Daga nan sai ɓari, ko ɗan akuya ya zo a mace ko a raunane. Haka take yi a jikin mace mai ciki.

Akuya tana da yawan tsince-tsince. Da rani, idan jikinta ya rasa gishiri, za ki ga tana lasar ƙasa da bango, tana tauna duk abin da ta samu, har da fasasshen batirin mota ko na sola, wanda shi ma dalma ce a cikinsa. Idan ta fara cizon haƙora, dalalar miyau, karo da bango kamar makauniya, ko jijjiga, kada ki jira.

Ba dalma kaɗai ba ce. Angurya abinci ce mai sa ƙiba, amma tana ɗauke da gosifol, sinadarin da ke rage ƙarfin maniyyi idan bunsuru ya daɗe yana cinta da yawa, ƙananan 'yan awaki kuma yana iya taɓa musu zuciya. Tumfafiya, wadda ke zama kore lokacin da komai ya bushe, ruwanta yana da guba ga zuciya, kada ki bar mai ciki ta cika tumbi da ita saboda yunwa. Duman kada na bakin fadama yana sa karkarwa da tangaɗi. Gyauron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana iya kashe dabba cikin sa'o'i. Dusa ko harawar da ta yi funfuna tana lalata hanta, gubarta kuma tana fita a nono. Sai maganin ƙwari irin su ota-fiya-fiya da na feshin ciyawa, waɗanda wasu ke zuba wa dabba don kashe kaska, ko su mai da galan ɗinsu mazubin ruwa.

Abin da za ki iya yi a gida: kada a shigo da dutsen zinare ko injin niƙansa inda yara da dabbobi suke. Maigida idan ya dawo daga wurin haƙa, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shigo. Kada awaki su sha a kududdufin da ake wanke ƙasar zinare. Ki ajiye musu kanwa ko gishirin lasa, ki zuba abinci a mazubi maimakon ƙasa, ki tanadi harawa mai kyau tun kaka.

Idan akuya ta yi ɓari, kada ki taɓa ɗan ko mabiyiyar da hannu tsirara, musamman idan kina da juna biyu, domin cutar bakkale ma tana jawo ɓari kuma tana kama mutum. Ki sa leda a hannu, a binne da zurfi, sannan a kira malamin dabbobi. Dabbar da ake zargin guba ta kama, a bar hanta da ƙodarta, nan dalma ke taruwa, kuma dafuwa ba ta fitar da ita. Nononta ma kada a ba yaro.

Idan awaki biyu ko uku suka yi ɓari a jere a gidanki ko a unguwarku, ki tuna ƙasar da suke lasa ita ce ɗanki yake rarrafe a kai. Ki kai yara 'yan ƙasa da shekara 5 asibiti, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ya samu dabbobin, ki nemi a gwada jininsu don dalma.