Hutun Kwana Biyu A Badagiri: Yadda Za A Kai Baƙi Bakin Teku Ba Tare Da An Ɓata Wurin Ba

A cikin watan Oktoba na shekarar 2024 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar mota wadda aka tsara za ta taso daga Illela ta Jihar Sakkwato, ta ƙare a Badagiri ta Jihar Legas, watau tsawon kilomita 1,068. Ran da Allah ya nufa aka gama wannan aiki, garin da yawancin mutanenmu ba su san shi ba sai a taswira, shi ne zai zama zangon ƙarshe ga duk wanda ya taso daga Arewa yana marmarin ganin teku. Saboda haka ya kamata tun yanzu a tsaya a yi tunani a kan irin yadda za a riƙa kai baƙi can, tun kafin su yi yawan da zai fi ƙarfin garin.

Badagiri tana yamma da Ikko, tafiyar kimanin kilomita 60, kusa da Seme, kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Mutanen garin Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, sana'arsu su da noman kwakwa. Garin bai zauna a bakin teku sosai ba. Akwai wani dogon tabki a gabansa, bayan tabkin sai siririn tudun rairayi mai itatuwan kwakwa, sa'an nan teku.

Kada mai karatu ya zaci babu abin da ya haɗa mu da wurin. Daga Badagiri ne Kyaftin Hugh Clapperton ya kama hanya a watan Disamba na 1825, shi da baransa Richard Lander, har suka isa Kano, suka wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ajali ya riski Clapperton a watan Afrilu na 1827. Akwai kuma wata dangantakar mai ɗaci. Ta tashoshin wannan gaɓa, su Wida da Ajase da Badagiri da Ikko, aka yi ta fitar da bayi zuwa Barazil, cikinsu har da Hausawa masu yawa, waɗanda suka ƙulla tawaye a lardin Bahiya a 1807 da 1809. Bahaushen da ya je Badagiri, to ya je ganin wani yanki na tarihin gidansu.

ME YA SA SAI 'YAN KAƊAN?

Abin da aka saba gani shi ne a cika manyan motocin safa biyu ko uku da ɗalibai ko 'yan wata ƙungiya, a taso da safe, a sha cunkoso a hanya, a iso rana tsaka a gajiye. A zagaya wuri huɗu cikin awa biyu, a ɗauki hotuna, a ci abincin da aka ɗauko tun daga Ikko, a juya. Abin da garin ya samu bai wuce kuɗin shiga ba, sai kuwa tarin leda da robobi.

A ganina, ayarin da ya dace da Badagiri shi ne na mutum goma zuwa goma sha biyu, daidai cikin ƙaramar mota guda. Wuraren da kansu su suka yanka wannan adadi. Ɗauki gidan Seriki Williams Abass, wanda aka kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Barazil, ya komo ya zama babban dillalin bayi, daga baya kuma jigon Musulmin garin, har ya rasu a 1919. Sarautar tasa ma, Seriki, daga kalmarmu ta sarki Yarabawa suka aro ta. Ɗakunan da ya riƙa tsare bayi a ciki ƙanana ne ainun, masu duhu, ba su da iska sai ta wata 'yar kafa a sama. Mutum goma suna iya shiga biyar biyar, su tsaya shiru, su ji abin da ɗakin yake faɗi. Mutum tamanin kuwa sai turereniya da dariya, wannan ya jingina da bango, wancan ya rataya mari a wuya don hoto. Ƙarfen da ya yi shekara fiye da ɗari da hamsin a iskar gishiri ba zai jure hannu dubu kowane mako ba. Ni da a ce za a bi tawa, da an hana taɓa ainihin mari da sasarin nan, an sa maƙera sun ƙera irinsu domin masu son ɗagawa su ji nauyi.

Haka kuma tsohon benen 'yan mishan da aka gama a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna. Matakalarsa ta katako ce, ƙasan saman ma katako ne, ga tsufa. Jagorori sukan ce shi ne bene na farko a Nijeriya. Bakatsinen da ya taɓa hawa hasumiyar Gobarau sai ya yi murmushi kawai, amma dai ba a musun cewa yana cikin tsofaffin gine-ginen Turawa da suka rage a ƙasar nan.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce gishirin zancen. Macen da ke soya kifi a bakin tabki tana iya ciyar da mutum goma sha biyu in an gaya mata tun jiya, amma ba ta iya ciyar da ɗari. Ƙaramin masauki na ɗan gari yana iya ba da ɗaki shida. Mai kwalekwale guda ya ishe su. Ashe ke nan, ƙaramin ayari kuɗinsa a hannun mutanen gari yake faɗawa, babban ayari kuwa tilas ya zo da komai nasa daga birni. Gaskiya ne kuɗin kowane mutum zai ɗan hau, tun da mutum goma ne za su raba kuɗin mota da na jagora. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, mai shirya tafiya ya faɗi tun farko, ya kuma nuna wa mutane a rubuce nawa ne na mota, nawa ne na masauki, nawa ne zai shiga hannun 'yan gari. Makarantu kuwa sai su raba yaransu aji aji, su zo a ranakun aiki lokacin da wuraren suke fayau.

TSARIN KWANAKIN

A taso ran Jumma'a bayan an sauko daga masallaci, a bi ta Ojo, a wuce Alaba Rago inda mutanenmu suka yi shekaru suna cinikin raguna, a isa kafin magariba. Daren nan na hutawa ne, kada a cusa kome a ciki.

Ran Asabar da sassafe, kafin rana ta yi zafi, a haye tabki zuwa Gberefu. Hayewar 'yan mintoci ce, daga nan sai tafiyar ƙasa ta kusan rabin awa cikin rairayi, hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa inda jirage suke jira, wurin da ake wa laƙabi da inda ba a komowa. A kan hanya akwai wata rijiya wadda mutanen gari suke cewa ruwanta aka riƙa ba bayi don su manta da gida. A bi hanyar nan da ƙafa, ban da tsoho ko maras lafiya, domin wanda aka ɗauka a babur ya wuce ta bai san ya wuce ba. Da la'asar sai gidajen tarihi na cikin gari, har da tsohon ofishin Di'o wanda aka gina a 1863, shekarar da Ingila ta haɗe garin da mulkin Ikko. Wuri biyu ko uku sun isa.

To, a nan sai a yi hattara, don ruwa ba sa'an kwando ba ne. Hukumomin ruwa sun wajabta sa rigar ceto, sun kuma hana kwalekwale tafiyar dare. Wanda ya ƙi sa riga a bar shi a tudu, ko da shi ne shugaban ayari. Tekun wannan gaɓa kuma ba irin kogin Wudil ba ne da rani. Igiyarsa tana da ja ta ƙarƙashi, wadda takan kwashe ƙafar gwanin iyo ma, balle wanda yau ne ya fara ganin teku. A tsaya inda ruwa yake shafar idon sawu, a riƙe hannun yara.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. Watannin Yuni da Yuli ruwan sama ba ya ƙyale kowa. A ƙarshen damina kuma wani irin kainuwa mai shuɗin fure yakan rufe tabkin, ya sarƙe injin kwalekwale. Ta nan Badagiri ne wannan ciyawa ta shigo ruwayen Nijeriya a 1984, har yau kuwa ba a rabu da ita ba. Sai dai watannin ranin nan su ne kuma kunkurun teku yakan fito da dare ya haƙa rami a rairayi ya yi ƙwai, waɗanda suke ƙyanƙyashewa bayan kimanin wata biyu. 'Ya'yan hasken sararin teku suke bi su sami ruwa, in suka ga fitila a tudu sai su nufe ta su halaka. Don haka babu kunna wuta ko tuƙa mota a bakin ruwa da dare, babu kuma sayen ƙwan ko ƙoƙon bayansa, kome arha.

Game da shara, Gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da farin kwanon soso na zuba abinci tun watan Janairu na 2024. Ayari ya tafi da babbar jarkar ruwan sha guda, kowa da gorarsa, a ci abinci a kwanon da za a wanke, abin da aka shiga da shi tsibiri kuma a fito da shi.

ABIN DA YA SAMI SAURAN GAƁAR

Masu shekaru sun tuna Bar Beach ta Ikko, inda ake zuwa shan iska ran Lahadi da lokacin salla. Katangun duwatsu da Turawa suka gina a bakin mashigin tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare rairayin da ruwa yake kawowa daga yamma, sai teku ya yi ta cin gaɓar shekara da shekaru. Daga baya aka cike wurin aka kafa unguwar Eko Atlantic, talaka ya rasa wurin shaƙatawarsa. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai, alhali da yawansu da hidimar masu zuwa hutu suke ci. A watan Afrilu na 2024 kuma aka rushe wani sashe na wurin shaƙatawa na Landmark saboda hanyar da za ta bi gaɓa zuwa Kalaba.

Badagiri ta tsira daga irin wannan ne saboda nisa da wahalar hanya, su kuwa ga shi ana shirin kawar da su. Duk inda kwalta ta isa, dillalan filaye suna biye da ita. In aka sare kwakwar Gberefu aka jera otal otal, saiwoyin da ke riƙe da rairayin sun tafi ke nan, masunta kuma za su koma masu gadi a ƙasar kakanninsu. Aiki ne na Gwamnatin Jiha da Ƙaramar Hukuma da fadar Akran, sarkin garin, su shata iyakar da gini ba zai ƙetare ba, su ƙayyade yawan mutanen da za su shiga kowane gidan tarihi a lokaci guda, su kuma yi wa jagorori 'yan gari horo da rajista. Jagora ko biyu masu jin Hausa ma za a bukace su.

Ran Lahadi a yi sammako a shiga kasuwa, a sayi kwakwa da man kwakwa da kifi banda da tabarmi domin tsaraba, daga hannun masu yin su. A kama hanya kafin azahar, don cunkoson yammacin Lahadi daga Agbara zuwa Mil Biyu yana iya cinye duk hutun da aka yi.