Hunturu Ya Sauka: Abin Da Za Mu Tarar A Makon Hutu

Daga Malamin Gona, Gwiwa

Manoma, fatake da akawuna, ga mu a tsakiyar watan Disamba, kaka ta zo ƙarshe. Nan da 'yan kwanaki za a shiga hutun Gwamnati, watau ran 25 da 26 ga wata don Kirsimeti, da kuma ran 1 ga Janairu don sabuwar shekara. Ko da yake a ƙasar Kazaure wannan ba bikin yawancinmu ba ne, hutun ya shafe mu duka. Ofisoshi za su rufe, 'yan makaranta suna gida, ma'aikata za su zo ganin iyaye, kuma mutane da yawa sun sa ranar biki a cikin makon, tun da amfanin gona ya shigo hannu. Saboda haka tambayar da ake yi mini a Gwiwa da Korayel da Buntusu ɗaya ce: Malam, yaya garin zai kasance?

Maganar ruwan sama dai a cire ta daga rai. A wajenmu ruwa yakan ɗauke ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba ya komowa sai Mayu ko Yuni. Dalili kuwa, iska iri biyu ce ke mulkin ƙasar nan. Ɗaya tana tasowa daga teku, kudu maso yamma, tana ɗauke da laima, ita ce mai kawo damina. Ɗaya kuma tana fitowa daga hamada, arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Mahaɗarsu ba ta zama wuri ɗaya. A watan Agusta takan haura arewa har ta wuce Agadas, shi ya sa muke samun marka. Yanzu kuwa ta gangara kudu tana neman bakin teku, ta bar mu a hannun iskar hamada. Wanda ya dubi gabas bayan magariba zai ga Kaza da 'Ya'yanta sun riga sun hau, tsofaffinmu kuwa sun daɗe da sanin in an ga haka, sanyi ya zo.

To, sanyin nan na dare ne da asuba. Awon da aka daɗe ana yi a Kano ya nuna a Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 13 ko 14 da asuba, ya hau wajen 29 ko 30 da azahar. Wani daren ma yakan yi ƙasa da 10. Mu da Roni da Babura ba mu da nisa da wannan lissafi, sai dai wanda ke kwana a fadama ya fi na kan tudu jin jiki, gama iska mai sanyi nauyi gare ta, kwari take gangarawa ta kwanta. Abin da ke sa dare ya yi sanyi haka shi ne rashin gajimare da rashin laima. Zafin da ƙasa ta sha da rana ba abin da zai tare shi, sai ya tashi sama ya tafi.

Babbar magana ita ce hazo. Mutane da yawa suna tsammani ƙurar gonakinmu ce iska ke tayarwa. A'a, baƙuwa ce. Yawancinta daga wani kwari take fitowa da ake kira Bodele, a arewacin ƙasar Chadi kusa da garin Faya, kimanin mil 700 daga Kano. A zamanin da can wurin nan gindin wani babban tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ce. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Ga duwatsun Tibesti a gefe guda, ga na Ennedi a ɗaya gefen, iska in ta matso ta tsakaninsu sai ta ƙara ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi ya iso mu. Wani ma yakan ƙetare teku har Amurka ta Kudu.

Wannan tazara ta kwana ɗaya ko biyu ita ce amfaninmu. Hukumar duba yanayi ta Nijeriya, wadda ake kira NiMet, tana ganin tashin ƙurar ta hoton tauraron ɗan'adam tun tana Chadi, sa'an nan ta ba da gargaɗi a rediyo. Amma fa ba mai iya gaya maka yau cewa ran kaza ga wata hazo zai rufe Gwiwa. Duk wanda ya faɗa maka haka tun da sauran kwana goma, hira yake yi. Abin da aka sani shi ne hazo zuwa yake yi ya tafi: ya rufe gari kwana uku, wani lokaci biyar, sa'an nan gari ya washe kafin wani ya biyo. A mako guda na ƙarshen Disamba, da wuya a ƙare ba a gamu da shi ba ko sau ɗaya. Ranar da ya yi kauri rana takan zama kamar farin faranti, sanyi ya wuni, mutum ba ya hangen abin da ya wuce rabin mil.

Matafiya su lura da wannan. Daga Kazaure zuwa Kano ta Dambatta kimanin mil 50 ne, ba tafiyar da za ta sa mutum ya fita kafin gari ya waye ba ce. Mai kai hatsi Dawanau, da mai kai dabbobi Maigatari ran Alhamis, su saurari rediyo daren tafiya. In an ce ƙura ta taso, a bari hantsi ya yi, direba ya kunna fitila ko da rana ce. Amalanken shanu ba su da fitila, kuma a wannan lokaci su ne suka cika hanya da kara da harawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, watau hatsi. Iskar hunturu ba ta da na biyu wajen shanya, kyauta kuma take yi mana. Da azahar laimar da ke cikinta takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Gero da dawa da wake suna bukatar laimar cikinsu ta sauka zuwa kashi 12 ko 13 kafin a rufe su, gyaɗa kuwa 7 ko 8. Ba sai da na'ura za ka gane ba. Sami kwalba busasshiya, zuba hatsi sulusinta, ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, toshe, girgiza sosai, ajiye kamar minti 15, ka sāke girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya. In ya zube ƙasa wasai, hatsinka ya bushe.

Wake shi ne mai ba da wahala, don ƙwaron da ke huda shi tun daga gona yake biyo shi. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, yana kashe ƙwaron ba tare da magani ba. Leda biyu ce a ciki, buhu a waje, kowace a matse iska a ɗaure ta dabam. Ƙwaro in ya shanye 'yar iskar da ta rage sai ya mutu. Sharaɗinsa biyu: wake ya bushe, leda kuma kada ta huje, kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Masu zuba wa wake maganin feshi kuwa, su tuna a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da Bature ya ƙi saya, shi muke dafa wa 'ya'yanmu alala da shi.

Bushewar da ke gyara hatsi ita ce kuma ke kawo gobara. Bara a wani ƙauye kusa da mu na ga tarin kara da harawar wake na magidanci ɗaya, abincin dabbobinsa na rani duka, sun ƙone kafin a jawo guga goma. Yara ne ke jin ɗumi gefen tarin, iska ta ɗauki tartsatsi. A makon biki an fi samun irin wannan, don ana girki a waje da manyan tukwane, hankalin manya kuma yana wajen baƙi. A raba tarin kara da rumbu da murhu, a share ciyawa kewaye da su taku goma. Kaskon garwashi kuma kada ya kwana a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Hayaƙinsa ba ya wari, yana kashe mutum cikin barci. Wanda har yanzu dawarsa ke tsaye ko damminsa ke gona, ya kwashe kafin hutu. Garkunan shanu suna gangarowa daga arewa neman kara, yawancin rigimar da ake kai wa dagaci a wannan wata daga nan take farawa.

Masu lambu a bakin madatsar ruwa ta Kazaure da fadamun kogin Gari, ku sanyin nan riba ne gare ku. Alkama da albasa da tumatir duk suna sonsa. Amma alkama tana da ƙa'ida: daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, don ta yi ido cikin sanyi. Wadda aka shuka a Janairu zafin Maris zai same ta tana fitar da kai, ƙwayar ta motse. Wanda bai shuka ba har hutu ya wuce, shawarata ya bar ta bana, ya sa fangalinsa wani abu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ban ruwa kuma da hantsi ya fi, a kafa shingen kara ta gabas da arewa don jaura kada ta busar da dashe.

Saura kaji. Kowa ya san ciwon nan da ke share akurki lokacin hunturu, kaza ta yi zugum, ta yi zawo, wuyanta ya murɗe. Ba shi da magani in ya kama, amma akwai rigakafi da ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom ke yi, ɗigo ɗaya a ido. A makon hutu ana yawan sayen kaji a kasuwa don baƙi, ta nan ciwon ke shiga gida. Kazar da aka sayo a yanka ta, ko a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Mai son rigakafin ya je wurin malamin dabbobi kafin ran 24 ga wata, gama daga nan sai an komo aiki.