Gida biyu maganin gobara: Amurkawa na neman ƙasa ta biyu

Shekara da shekaru, in ana zancen Amurka da ƙaura, zancen masu shiga ake yi: matasan da ke kwana ƙofar ofishin jakadanci suna jiran biza, da waɗanda suka sayar da gona ko garke domin kuɗin jirgi. Amma akwai masu fita kuma. Amurkawa miliyoyi suna zaune a ƙasashen waje, mafi yawansu a Meziko da Kanada da Turai, kuma da yawa daga cikinsu ba su tsaya ga takardar izinin zama ba. Fasfo na biyu suke nema, wato su zama ƴan ƙasa biyu a lokaci guda.

Dalilansu sun bambanta. Wasu tsadar magani da ta gidan haya ta kore su. Tsofaffi da suka yi ritaya sun lura cewa kuɗin fanshonsu ya fi auki a Fotugal ko Meziko. Wasu sun gaji da rikicin siyasa da harbe-harben bindiga. Wasu kuma aikinsu duka cikin kwamfuta yake, saboda haka duk inda intanet ta kai, nan ne ofishinsu.

A da, doka ba ta yarda da wannan ba. Ba'amurken da ya jefa ƙuri'a a zaɓen wata ƙasa yana iya rasa ƙasarsa. Haka ta faru ga wani mai zane, Beys Afroyim, wanda ya yi zaɓe a Isra'ila a 1951, daga baya hukuma ta ƙi sabunta masa fasfo. Ya kai ƙara, kuma a 1967 kotun ƙoli ta yanke cewa gwamnati ba ta da ikon tuɓe wa mutum rigar ɗan ƙasa in ba shi ya so ba. Wannan hukunci ne ya buɗe ƙofar da ake bi yau.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta jini. Wanda kakansa ko kakarsa haihuwar Ailan ce yana da damar karɓar fasfon ƙasar, kuma fasfon yana ba shi izinin zama da aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai. Jamus tana mayar da haƙƙin ɗan ƙasa ga jikokin waɗanda mulkin Hitila ya ƙwace wa shi. Italiya ta daɗe tana karɓar duk wanda ya tabbatar da asalinsa, ko da kakan kakansa ne ya yi ƙaura, amma da masu nema suka yi yawa, a watan Maris na 2025 ta taƙaita abin ga ƴaƴa da jikoki kawai.

Baƙaƙen fatar Amurka su nasu lamarin dabam ne. Kakanninsu ba da takarda suka ƙetare teku ba, da sarƙa aka ɗauke su, kuma ba a rubuta sunan garinsu ba. Saboda haka ba su da takardar haihuwar da za su nuna. Ƙasar Gana ta miƙa musu hannu. A 1961 shugaba Kwame Nkrumah ya gayyaci babban malamin nan W.E.B. Du Bois zuwa Akara domin ya jagoranci aikin kundin ilimin Afirka. Du Bois ya zama ɗan Gana a 1963, ya rasu a watan Agusta na shekarar yana da shekara 95, kuma kabarinsa yana Akara. A 2000 Gana ta yi dokar da ta ba zuriyar bayi damar zama a ƙasar ba iyaka. A 2019, shekara 400 bayan saukar bayin farko a Bajiniya, ta gudanar da Shekarar Komowa, inda aka rantsar da mutum 126. A watan Mayu na 2024 mawaƙi Stevie Wonder ya karɓi takardarsa, sannan a watan Nuwamba aka rantsar da wasu 524. Maƙwabciyarmu Benin ma ta kafa irin wannan doka a 2024.

To, amma in gida biyu maganin gobara ne, taura biyu ba ta taunuwa da sauƙi. Amurka tana bin ɗanta da lanho duk inda yake a duniya, abin da kusan ba wata ƙasa da ke yi sai Iritiriya. Ko mutum ya shekara talatin a Akara ko Roma, dole kowace shekara ya bayyana wa hukumar harajin Amurka abin da ya samu. Wata doka ta 2010 mai suna FATCA ta tilasta wa bankunan ƙasashen waje su ba da rahoton ajiyar Amurkawa, har wasu bankunan suka gwammace su ƙi buɗe musu asusu. Boris Johnson, wanda aka haifa a Niyok kuma ya zama firaministan Ingila daga baya, sai da Amurka ta nemi lanho a kan gidan da ya sayar a Landan. A 2016 ya ajiye fasfon Amurka. Ajiyewar ma ba kyauta ba ce: a 2014 aka ɗaga kuɗinta daga dalar Amurka 450 zuwa 2,350.

Masu masauki su ma suna da abin cewa. Baƙon da ya zo da dalar Amurka yana iya biyan hayar da ɗan gari ba zai iya ba, kuma mazauna Lisbon da birnin Meziko sun yi ta kuka da tashin kuɗin gidaje. A Gana, a yankin Asebu kusa da Cape Coast, sarki ya ware filaye domin masu komowa, sai wasu manoma suka ce gonakinsu ne aka ba da, magana ta kai gaban alƙali.

Saboda haka hukumomin da ke ba da takardun suna da aiki biyu: su karɓi baƙo hannu bibbiyu, su kuma tsare gonar talaka. Shi kuwa mai komowa, rantsuwa da fasfo cikin yini ɗaya ake gama su. Koyon harshen mutane, da halartar sunansu da jana'izarsu, da biyan lanho tare da su, wannan sai an shekara ana yi kafin maƙwabta su daina kiransa baƙo.